Ɗakin sanyin da ke daskarar da kindirmo yau, gobe ya tsamar da shi: nazarin wata matsalar sensa a Maraɗi

Wurin da abin ya faru ƙaramar masana'antar kindirmo ce a cikin garin Maraɗi. Mai ita wata Hajiya ce da ke ɗura kindirmo a leda da ƙananan goruna, masu shaguna su sara, yara kuma su zaga da saura tasha da bakin babbar kasuwa. Ɗakin sanyinta ƙarami ne: kwamfireso ɗaya a waje mai aiki da gas R404A, injin hura sanyi mai fanka biyu a ciki, sai na'urar sarrafawa mai allon lamba a jikin bango kusa da ƙofa. An saita na'urar ta kashe kwamfireso idan ɗaki ya sauka digiri 4, ta tashe shi idan ya hau 6. Sensa ɗaya gare ta, wato abin da ke jiyo mata zafi ko sanyin ɗaki, samfurin NTC. Babu hita a ɗakin. Idan ƙanƙara ta taru a jikin bututun injin ciki, da hutu ake narkar da ita: bayan ƴan awoyi na'urar ta tsayar da kwamfireso, fanka su ci gaba da juyawa, ruwan ya sauka a faranti ya bi tiyo ya fita waje.

Koken da aka kawo mini, ni mai gyaran injin sanyi, ya haɗa abu biyu da ba su saba zama wuri ɗaya ba. Wata rana a buɗe ɗaki a tarar da ledojin da ke kusa da fanka sun daskare, idan sun narke kindirmon ya tsinke, ruwa gefe guda gudaji gefe guda. Wata rana kuma a tarar da kaya sun yi tsami, leda ta kumbura. A duk ranakun nan allo 4 ko 5 yake nunawa.

"Malam, abin da ya ɗaure mini kai," in ji Hajiya, "ɗaki ɗaya, lamba ɗaya, amma yau kaya su yi dutse, jibi su yi tsami. Ni da wanne zan ji?"

Da na bi tarihin abin, ya faro ne bayan damina ta zauna. Da farko allo ya maƙale tsakanin 8 da 9, kwamfireso yana aiki dare da rana ba hutu. Aka kira mai gyara, ya ce gas ya yi ƙasa, ya ƙara. Lamba ba ta motsa ba. Ya dawo ya taɓa saitin na'urar, allo ya sauko 4, kowa ya yi hamdala. Daga nan ne tsamin ya shigo, daskarewar kuma ba ta daina ba. Ma'aikatan wurin sun fi ɗora laifi a kan wuta, domin sun lura daskarewar ta fi zuwa bayan an ɗauke wuta an dawo da ita. Na riƙe wannan magana tasu, kuma daga baya ta yi amfani, ko da yake ba ta fuskar da suka zata ba.

Ba na faɗin wannan don in ci mutuncin abokin sana'a. Kwamfireso ya ƙi tsayawa, allo yana nuna zafi, kowa hannunsa zai fara kaiwa ga tukunyar gas. Amma tun a wancan lokaci akwai shaidar da ta isa ta tsayar da mutum: kaya suna daskarewa alhali allo na cewa 9. Madara ba ta daskarewa sai ta sauka ƙasa da sifiri. Ɗakin da gas ya yi masa kaɗan yana iya tara ƙanƙara a wani ɓangare na bututu, amma ba ya mayar da kaya dutse yana kuma zaune a digiri 9. Ko dai kayan ke ƙarya ko allon, kaya kuwa ba su iya ƙarya ba. An bar jaki ana dukan taiki, kuma kowane duka ya haifar da sabuwar matsala.

Na'urar sarrafawa ba ta jin sanyi ko zafi. Abin da take gani kaɗai shi ne turjiyar da ke tsakanin wayoyi biyun da aka ɗaura mata, wato yadda hanya ke tare lantarki, abin da ake aunawa da om. A kan sensa akwai ƴar ƙwaya wadda turjiyarta ke raguwa idan ta ji zafi, ta ƙaru idan ta ji sanyi, irin wannan ce ake kira NTC. Samfurin da aka saba gani a na'urorin kamfanonin Dixell da Eliwell da Carel yana ba da kilo-om 10, wato om dubu goma, a digiri 25, kusan 18 a digiri 10, kusan 23 a digiri 4, sai 27.3 a sifiri. Na'urar tana ɗauke da wannan jadawali a cikinta, ta karanta om ta mayar da shi digiri. Saboda haka duk abin da ya canza turjiya a kan hanya, ko waya ce, ko mahaɗi, ko danshi, ita a wurinta yanayin ɗaki ne ya canza.

Hajiya ta tambaya me ya sa na'urar ba ta yi ƙara ba tunda an ce tana da gargaɗi. Tana da shi, amma sai sensa ta mutu sarai, wato waya ta katse ko wayoyin biyu sun manne, karatu ya fita daga iyakar da na'urar ta sani. A nan ne Dixell ke rubuta P1, Eliwell E1, Carel kuma E0, sannan kwamfireso ya koma aiki da agogo idan an saita masa hakan. A Dixell da yawa saitin asali minti 15 ne na aiki, 30 na hutu. Sensar da ta mutu sauƙi gare ta, tana faɗin sunanta da kanta. Wadda ke ba da lamba mai kama da gaskiya ita ce mai cin dukiya, domin na'ura ba ta da dalilin zarginta.

Aikin farko shi ne samun shaida ta biyu wadda ba ta da alaƙa da na'urar. Na sa yaron shagona ya sayo ƙanƙarar ruwa mai tsabta, muka farfasa ta ƙanana muka cika kofi, muka zuba ruwa kaɗan wanda bai kai ya ɗaga ƙanƙarar ba, muka motsa muka jira ƴan mintuna. Irin wannan haɗi yana zama a sifiri muddin ƙanƙara da ruwa suna tare kuma babu gishiri ko sukari a ciki. Ma'aunin zafina na hannu ya nuna sifiri a ciki, don haka na yarda da shi. Na rataye shi kusa da kan sensa, a bayan injin ciki inda iskar ɗaki ke komawa, muka rufe ƙofa muka ba shi lokaci. Ya nuna digiri 1. Allo yana 5, kwamfireso yana ta aiki.

An tabbatar allo ya kauce, saura a san inda kaucewar take: na'urar, ko waya, ko kan sensa. Na kashe wuta daga babban makunni, domin ramukan da ke ɗauke da wuta mai volt 220 suna dab da na sensa, sukudireba kuma ba ta tambaya kafin ta zame. Na kwance wayoyin sensa biyu daga na'urar. Wannan dole ne, idan aka auna suna ɗaure mitar awon om za ta haɗa da cikin na'urar ta ba da lambar da ba ta da ma'ana. A gurbinsu na ɗaura ƴar resisto mai kilo-om 10, irin wadda ake samu wurin masu gyaran rediyo, na kunna. Na'ura mai lafiya 25 za ta nuna. Wannan ta nuna 21.

Ragin 4 cif bai yi kama da lalacewa ba, ya fi kama da hannun mutum. Na shiga saiti na duba gurbin da ake ƙara wa karatun sensa ko a rage masa, wanda Dixell ke kira Ot, Eliwell CA1, Carel /c1. An rubuta masa ragin digiri 4. Na mayar da shi sifiri, allo ya nuna 25. Na'urar ta fita daga zargi, kuma an gano abin da aka taɓa a zuwa na biyu. An yi wannan gurbi ne don gyara ɗan bambancin da bai fi digiri ɗaya ba tsakanin sensa mai lafiya da ma'auni amintacce. Duk ranar da mutum ya ga yana buƙatar rage 4, ciwo yake rufewa.

Sai wayoyin da na kwance. A digiri 1 ya kamata mita ta ga kusan kilo-om 26.1. Ta ga 18.7, kuma lambar ƙarshe ba ta tsaya wuri ɗaya ba, tana ɗan hawa tana sauka. A jadawali 18.7 digiri 9 ne. A rage 4 ɗin da aka saka, ga 5 ɗin da allo ke nunawa. Lissafi ya haɗu. Na cire kan sensa daga maƙalinsa na tsoma a kofin ƙanƙara, yaro yana riƙe da mita a waje. Maimakon 27.3 sai ya kira mini 19.3.

A nan da yawa za su ce sensa ta lalace, su yanke su jefar, su ɗaura sabuwa a kan tsohuwar waya. Da an yi haka da ciwon yana nan. Abin da aka auna daga bakin na'ura sensa ce da waya gaba ɗaya, ba a raba su ba tukuna. Alkiblar kuskuren ma tana nuna inda za a duba. A NTC, mahaɗin da ya saki ko ya yi tsatsa yana ƙara turjiya, allo ya nuna sanyin da babu. Raguwar turjiya kuwa, wadda ke nuna zafin da babu, tana nufin lantarki ya sami wata hanya tsakanin wayoyin biyu, kuma a ɗakin sanyi ruwa ne ya fi buɗe irin wannan hanya. A sensa samfurin PTC ko Pt1000 abin juyawa yake, shi ya sa ake fara sanin samfurin da ke hannu kafin a yanke hukunci.

Na bi wayar da hannu daga kan sensa. Wayar da ta zo da ita gajeriya ce, ba ta kai bango ba, sai wanda ya kafa ɗakin ya ƙara mata wata. Mahaɗin yana ƙarƙashin farantin da ke tarar ruwan narkewa, an murɗa wayoyin da hannu an naɗe su da baƙin salatif, duka biyun a dunƙule ɗaya. Da na matsa shi ruwa ya fito. Na yanke daga ɓangaren sensa, na bar mahaɗin a jikin doguwar wayar. Sensa ita kaɗai a cikin ƙanƙara ta ba da 27.2, lafiyarta lau. Doguwar wayar kuwa, wadda yanzu ba a haɗa ta da komai ba kuma bai kamata mita ta ga wata hanya a cikinta ba, ta ba da kusan kilo-om 66.

Duk ɗan Maraɗi ya san ɓarauniyar hanya: kaya su bi daji su zagaye shinge, abin da ya iso gari ya fi abin da shinge ya bari ya wuce. Sensa ita ce shingen. Na'urar tana ƙirga duk lantarkin da ya dawo mata, ta ɗauka shingen ne ya sassauta, sassauci kuma a jadawalinta zafi ne. Idan aka jera kilo-om 66 gefe da gefe da 26.1, abin da ke fita 18.7 ne, daidai da abin da mita ta gani.

Da wannan lamba ɗaya aka warware tarihin gaba ɗaya. Kafin a taɓa saiti, na'urar tana jiran ganin kilo-om 23 ta kashe kwamfireso. Da jiƙaƙƙen mahaɗi a kan hanya, sai sensa ta kai kusan 35 kafin hakan ta samu, wato sai ɗaki ya sauka wajen digiri 6 ƙasa da sifiri. Injin da aka yi don ɗakin digiri 4 da kyar zai kai can, balle ana buɗe ƙofa ana shigar da sabon kaya. Shi ya sa bai huta ba, kaya suka daskare, allo yana 8 da 9. Bayan an saka ragin 4, idan mahaɗin yana jiƙe kwamfireso ba ya tsayawa sai ɗaki ya kai sifiri, iskar da ke fitowa daga fanka kuwa ta fi haka sanyi da digiri da dama, don haka layin gaba ya ci gaba da daskarewa. Idan mahaɗin ya bushe sensa ta koma faɗin gaskiya, amma ragin yana nan: allo ya nuna 4 ɗaki yana 8, kwamfireso ba zai tashi ba sai ɗaki ya kai 10. A irin wannan ɗumi ƙwayoyin da ke cikin kindirmo ba sa barci, tsami ya ƙaru, leda ta kumbura. Wannan ne ya fi damuna cikin lamarin, domin daskararren kaya ido yana ganinsa a ɗaki, amma wanda ya kwana a digiri 10 yana iya fita kasuwa ya shiga cikin yaro kafin kowa ya ankara.

Saura dalilin jiƙewa da bushewa. Na zuba ruwa a farantin, bai wuce ba sai kaɗan-kaɗan. Tiyon ya toshe da laka, ƙurar rani da ta daɗe tana shiga ɗakin ta haɗu da ruwa ta zauna a gwiwar tiyo. Da rani iska a bushe take, ƙanƙarar da ke taruwa kaɗan ce, ɗan ramin da ya rage yana isar ta. Da damina kuwa, musamman a Agusta, duk buɗe ƙofa danshi ne ke shiga, ƙanƙara ta yi kauri, idan ta narke faranti ya cika ya tumbatsa ta baya, daidai kan mahaɗin. Ruwan da ya kwaso ƙura da dattin faranti yana ɗaukar lantarki fiye da ruwa mai tsabta. Ranar da aka ɗauke wuta na tsawon lokaci, ƙanƙarar duka take narkewa a tashi ɗaya, mahaɗin ya sha ruwa sosai, wuta na dawowa kwamfireso ya kama aiki ba tsayawa. Abin da ma'aikata suka lura da shi ke nan, kuma lurar tasu daidai ce. Idan aka sami kwanaki ba ruwan sama, kaya kuma ba su da yawa, fanka su busar da wurin, sai zamanin tsami ya shigo.

Ko da yake tsohuwar sensar ta ci jarrabawar ƙanƙara, ban mayar da ita ba. Da na feƙe wayarta na ga tagullar ta yi baƙi har can ciki, alamar ruwa ya bi cikin roba, dalma ma ba ta kama ta. Na aiki yaro ya nemo mai doguwar waya. Ya dawo da guda biyu, babu takarda a jikin ko ɗaya, kamar yadda irin waɗannan kaya suka saba zuwa mana.

"Maigida, mai shagon ya ce duk kilo 10 ne, a ɗauki wadda aka ga dama a mayar masa da ɗaya."

Gaskiyarsa ta wani ɓangare, duka biyun kilo-om 10 suke bayarwa a digiri 25, kuma a zafin shago bambancinsu ba ya da yawa. A cikin ƙanƙara ne suka rabu: ɗaya 27.3, ɗaya 32.6. Ta biyun ba jabu ba ce, wani jadawali take bi. Lambar da ke bambanta su ana kiranta beta. Na'urorin firigo irin wannan 3435 suke so, ita kuwa ta ɓangaren 3950 ce. Da an ɗaura ta, a cikin ƙanƙara allo zai nuna kusan 4 ƙasa da sifiri, a bakin aiki kuma ya nuna 4 ɗaki yana wajen 7, ba tare da wani gargaɗi ba. Ina ganin duk mai wannan sana'a ya kamata ya mayar da kofin ƙanƙara al'ada kafin ya ɗaura kowace sabuwar sensa, ko daga wa ya saye ta.

Sabuwar wayar ta ratsa bango ba yanka. Ƙarin da aka yi mata a waje yake, cikin ɗan akwati, kowace waya an yi mata dalma an rufe ta daban da robar da ke tsukewa idan ta ji wuta. Tsawon waya ba abin damuwa ba ne a NTC: mita 10 na siririyar tagulla, zuwa da dawowa, bai kai om ɗaya ba, alhali a wajen digiri 4 kowane digiri kusan om 1000 ne. A sensa samfurin Pt100 ne ake kula da wannan, inda digiri ɗaya om 0.385 ne kacal. Na raba wayar da manyan wayoyin kwamfireso da fanka, na lanƙwasa ta ƙasa kafin ta isa kan sensa don ɗigon ruwa ya sauka a lanƙwasar, ramin bango kuma aka toshe shi da silikon. Kan sensa ya koma hanyar iskar da ke dawowa, nesa da bakin fanka da ƙofa, ba ya taɓa ƙarfe. Aka cire tiyo aka wanke shi, aka gyara gangarensa.

Gas ɗin da aka ƙara ma sai da aka koma kansa. Geji, wato ma'aunin matsin gas, ya nuna matsin ɓangaren sama ya haura abin da ya dace da zafin wannan rana, kwamfireso kuma yana jan wuta fiye da ƙa'idarsa. Na janye rarar zuwa tukunya a hankali har karatun ya daidaita. A sanyin damina injin ya jure, amma da an shiga bazara da wannan cikar, makunnin kariya zai riƙa yanke shi da tsakar rana.

Kayan da ke ɗakin aka raba su. Waɗanda suka daskare ba su cutarwa, siffarsu ce ta ɓaci, Hajiya ta ce a gida za a sha. Waɗanda suka kumbura na ce kada su fita, ta amince ba gardama, duk da cewa asarar ba ƙarama ba ce.

Na saita gargaɗin zafi da na sanyi a na'urar, amma na gaya mata iyakarsa: daga bakin sensa ɗaya yake ji, idan ta kauce shi ma ya kauce. Saboda haka aka rataye ma'auni na daban a tsakiyar ɗaki, kansa a cikin gorar ruwa don ya nuna sanyin kaya maimakon na iskar da ke canzawa da kowace buɗe ƙofa. Babbar ma'aikaciyar wurin ce ke rubuta lambarsa da ta allo a littafi safe da yamma, da sharaɗin idan suka rabu da fiye da digiri 2 a kira mai gyara, kada kuma a bar kowa ya shiga saiti kafin ya auna.

Da aka kunna, allo da ma'aunin hannu suka tafi tare, bambancinsu bai wuce rabin digiri ba. Kwamfireso ya tsaya a 4 ya tashi a 6, lokacin narkewa kuma ruwa ya fito ta bakin tiyo a waje, ƙarƙashin faranti a bushe. Aikin da ya rage shi ne na injin waje, wanda ke jingine da bangon yamma ba inuwa, ragarsa cike da ƙura. Na wanke ragar, amma yana buƙatar rumfa mai barin iska ta wuce kafin Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40. Hajiya ta ce a bari kaka ta yi, za ta sa a kira mai walda.